Duwatsun Fazawo da Kogon Nok: Hanyoyin da Aka Taka Kafin Zuwan Masu Yawon Buɗe Ido



A kwanakin rani, idan hazo ya sauka, mukan ga baƙi da jakar baya da sanda a hannu suna neman wanda zai kai su Fazawo ko tsagar dutsen Aledjo. Yaranmu kan yi musu dariya, wai mutum ya biya kuɗi don ya wahalar da ƙafarsa. Da yaran sun san waɗanda suka riga baƙin nan taka duwatsun, da dariyar ta ragu.

Tun kafin Bature ya shata iyaka, ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa Nikki da Jugu, sannan ya shigo ƙasar Kotokoli. Daga nan sai a gangaro Didaure, unguwar 'yan kasuwa Musulmi wadda yau take tsakiyar Sokode, a huta, a yi guzuri, domin abin da ke gaba shi ne mafi wuya: hawan duwatsun Fazawo da gangarawa kwarin kogin Mo, kafin a doshi Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja. Kanwa da tufafin rini da kayan fata ake ɗorawa jakuna a tafi da su, a komo da goro. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, kuma kowane sarki da aka ratsa ƙasarsa sai an biya shi kuɗin hanya. Zuwa da komowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Goro kuwa ba ya jure sakaci. Dole a riƙa kwance huhu a hanya, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Mai hawan dutsen nan yau da gorar ruwa kaɗai, ya kwatanta da mai kora jaki ashirin.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete-Karachi da wasu garuruwa. Jamusawa suka kafa bariki a Sokode a 1898, suka fita daga Togo a 1914. Jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Haka hanyar ta mutu a hankali. Waɗanda ba su koma gida ba su ne kakannin da yawa daga cikinmu.

Dajin ya shiga hannun hukuma. Faransawa suka keɓe Fazawo da Malfakasa a 1951, gwamnatin Togo ta haɗe su a 1975 suka zama gandun daji guda mai faɗin murabba'in kilomita 1,920, mafi girma a ƙasar. Daga 1990 zuwa 2015 gidauniyar Franz Weber ta Suwizalan ce ta kula da shi. Kare giwaye da bishiyoyi alheri ne, ba na musu. Amma a zamanin Eyadema an tsare gandayen daji da bakin bindiga, an tashi ƙauyuka, musamman a Keran, har da hargitsin siyasa ya ɓarke a farkon shekarun 1990 talakawa suka huce haushinsu a kan namun daji. A ganina, da an sa mutanen wurin cikin lamarin tun farko, da ba a kai ga haka ba.

A arewa labarin ya fi ɗaci. Kudu da Dapango, a gefen tsaunin da ke yankin Tanjuware, akwai kogon Nok. Ana sauka cikinsa ta tsanin ƙarfe da aka kafa a jikin dutse, kuma mai jin jiri gara ya tsaya a sama. A ciki akwai rumbunan laka fiye da ɗari, jere a ƙarƙashin dutse, ga ruwa yana tsattsafowa kusa. Mutanen Moba ne suka gina su don su ɓuya da iyalansu da hatsinsu idan mahayan Cakosi na Sansanin Mango suka kawo hari. An sa wurin cikin jerin da Togo ta gabatar wa UNESCO a shekarar 2000.

Sunan Sansanin Mango kansa da kalmarmu aka raɗa shi, domin wata hanyar goron ta nan ta bi. Kuma gaskiya ba ta ɓuya: bayin da ake kamowa a irin waɗannan hare-hare, a kasuwannin da fatakenmu ke ci ake sayar da su, Salaga a kan gaba. Ranar da na fara leƙa rumbunan nan, wani dattijon Moba ne ya riƙe mini hannu a kan tsanin. Ban iya ce masa komai ba sai na gode.

Tun daga Nuwambar 2021 da hare-haren 'yan bindiga suka tsallako daga iyakar Burkina Faso, aka kuma kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a Yunin 2022, baƙi sun ja baya daga arewa. Malaman makarantunmu na Dapango da ke son kai ɗalibai Nok, su fara tuntuɓar hukuma da sarkin ƙauyen. Na Sokode kuwa, Aledjo na nan kan hanyar Bafilo, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba.