Abin da ke sa mota ta rasa ƙarfi a kan babbar hanya da yadda ake gano shi

Mota na iya yawo lafiya ƙalau a cikin garin Bauchi, daga Wunti zuwa Yelwa, amma da zarar an hau hanyar Jos, Gombe ko Ningi aka taka totur, sai ta fara shaƙewa ko ta ƙi wuce wani gudu. Matsalar tana da haɗari, domin galibi takan bayyana ne a lokacin da direba ya fita zai wuce tirela, ga kuma wata motar tana tahowa ta gabansa.

Dalilin da ya sa ba a ganin ta a cikin gari shi ne inji ba ya buƙatar mai da iska masu yawa a ƙaramin gudu. Idan aka matsa masa, buƙatarsa takan ninka, kuma a nan ne duk wani sashe mai rauni ke tona kansa. Abubuwa huɗu ake dubawa: mai, iska, wuta da hanyar fitar hayaƙi.

Mai

Idan mota na fizga a kan hawa ko lokacin wuce wata, sannan ta dawo daidai idan aka sassauta ƙafa, abin zargi na farko shi ne matatar mai da ta toshe ko famfon mai da ya gaji. A yawancin motocin zamani famfon yana cikin tanki, kuma man ne ke sanyaya shi. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 direbobi da dama ke tafiya da ɗan mai kaɗan, lamarin da ke rage wa famfon kwana. Ya kamata a riƙa barin aƙalla rubu'in tanki.

Ingancin man ma abin lura ne. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da shigowar fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima cikin ƙasar. Man da ake saye a jarka a hannun 'yan bumburutu kuwa kan zo da ruwa ko datti. Idan matsalar ta soma ne jim kaɗan bayan shan mai, daga nan za a fara bincike.

Iska

Ƙurar hunturu kan cika matatar iska cikin ɗan lokaci, ta kuma ɓata na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji. Duba matatar ba ya ɗaukar minti biyar, kuma tana cikin kayan gyara mafi araha.

Akwai kuma raguwar da ba lalacewa ba ce. Bauchi na kan tsayin kimanin mita 600 daga doron teku, Jos kuwa kusan mita 1,200. Injin da ba shi da turbo kan yi asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Ɗan nauyin da direba ke ji bayan ya wuce Toro, musamman da lodi, ba sabon abu ba ne. Fizga da shaƙewa ne alamar matsala.

Wuta

Tsofaffin fulogai ko kwayil mai rauni kan sa inji ya riƙa tsallake bugu, motar ta kama kakkarwa. Idan fitilar gargaɗi mai siffar inji tana walƙiya maimakon ta tsaya kunne, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai na zuba cikin salansa.

Hayaƙi

A cikin salansa akwai matatar hayaƙi wadda kanikawa ke kira indomi. Idan ta toshe, motar kan tashi lafiya da safe, amma ƙarfinta ya riƙa raguwa yayin da inji ke ɗaukar zafi. Fasa ta a cire ba magani ba ne: hayaƙin zai ƙara guba, fitilar gargaɗi ta ci gaba da ci, kuma abin da ya toshe ta tun farko yana nan.

Idan ba injin ba ne

Idan ƙarar inji na ƙaruwa amma gudun bai ƙaru ba, kuloci ne ya cinye, ko kuma giya ce ke zamewa. Idan taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya, birki ne ke riƙewa. Wasu motocin kuma kwamfutarsu ce ke taƙaita gudu da kanta idan ta hango matsala, don kare inji da giya.

A auna kafin a saya

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da tsarin OBD-II, wanda ke ba bakanike damar jona na'ura ya karanta lambar matsala. P0300 na nuna tsallaken bugu, P0171 na nuna iska ta rinjayi mai, P0087 ƙarancin matsin mai, P0420 kuma raunin matatar hayaƙi. Lambar tana nuna inda za a duba ne kawai. Kafin a sayi sabon famfo, mai mota ya nemi a auna matsin man da ma'auni, a kuma fara da abubuwa masu araha: matatar iska, matatar mai da fulogai.

Idan ƙarfin ya ɗauke ana cikin tafiya, direba ya kunna fitilun haɗari, ya sauka gefen hanya nesa da kwana, ya ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku a bayan motar. Idan allurar zafi ta haura, a kashe inji, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ce 122.