Daga Katsina zuwa Zariya: Tarihin Kwalejin Barewa

Kwalejin Barewa da kowa ya sani a Zariya, ba a Zariya aka yanke mata cibiya ba. A Katsina aka kafa ta a 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, shi ne kuma ya je da kansa ya buɗe ta a watan Maris na 1922. Ginin ƙasa ne, aikin maginan gargajiya, yana nan tsaye har gobe a cikin birnin Katsina, an mai da shi wurin adana kayan tarihi.

Abin da ya jawo kafa ta ƙarancin malamai ne. Tun da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, makarantun boko suka fara yaɗuwa a larduna, amma babu isassun masu koyarwa. Turawa kuwa ba sa son ɗauko malaman mishan daga Kudu su kawo ƙasar sarakuna, don sun yi alkawarin ba za su taɓa addini ba. Ban da wannan, akwai abin da ke cinsu a rai: 'yan bokon Ikko sun dame su da suka a jaridu, ba sa son irinsu su tsiro a Arewa. Sai suka ga gara su horar da malamai daga cikin 'ya'yan ƙasa, a wuri mai nisa da hayaniyar jirgin ƙasa. Katsina ta dace da wannan buri. Gari ne da ya yi suna da ilimi tun zamanin Gobarau da Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ga kuma Sarki Muhammadu Dikko, wanda ba ya ƙyamar sabon abu in ya ga amfaninsa.

Ɗalibai kaɗan ake ɗauka kowace shekara, larduna ne ke zaɓo su, su yi shekara biyar. Ana ba su Turanci sosai, har lafazin 'yan Katsina ya zama abin kwatance, ana koya musu lissafi da tarihi da labarin ƙasa, ba a kuma bar Larabci da addini a baya ba. Malam Bello Kagara yana cikin malaman da suka riƙe wannan ɓangare. Da yamma sai filin wasa, inda fayis ya samu gindin zama, wasan da Sardauna Ahmadu Bello bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Mutanen da suka bi ta wannan kwaleji a shekarunta na farko su ne daga baya suka riƙe ragamar Arewa. Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya fita a 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya biyo shi a 1928 ya gama a 1933. Akwai Kashim Ibrahim daga Borno, da Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita, da Sulaimanu Barau wanda ya zama Sarkin Abuja, da Sa'adu Zungur daga Bauchi. Mai son adabin Hausa ma yana da rabo a nan. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, uku daga cikin littattafan da suka yi fice daga hannun mutanen wannan makaranta suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na malaminsu Bello Kagara.

A ganina babban aikin da kwalejin ta yi, ba ya cikin abin da aka kafa ta dominsa. Kafin ita, yaron Sakkwato bai san na Yola ba, Babarbare bai taɓa cin tuwo kwano ɗaya da Banufe ba. Kowa sarkinsa da lardinsa kawai ya sani. A Katsina aka tara su, suka kwana wuri ɗaya, suka yi faɗa suka shirya, suka koma garuruwansu da zumuncin da bai yanke ba. Da siyasa ta zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu kafa jam'iyyu ba su sha wahalar neman juna ba, don tun suna yara suka san halin juna. Har adawar ma daga gida ɗaya ta fito, tun da Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, tsohon ɗalibin wannan makaranta ne kamar shugabannin NPC da yake ja da su.

Sai dai a faɗi gaskiya, ƙofar ta yi ƙunci. Yanki mai miliyoyin mutane ya daɗe yana dogaro da babbar makaranta guda, ta maza zalla, wadda aka ƙayyade wa yawan ɗalibai da gangan. Da 'yancin kai ya ƙarato aka shiga neman likitoci da injiniyoyi da manyan ma'aikata 'yan Arewa, sai aka tarar ba su taka kara sun karya ba. Wannan giɓi ya samo asali ne daga shawarar da aka yanke tun farko.

A 1938 aka tashi makarantar zuwa Kaduna, ta koma Kwalejin Kaduna, a nan ne Shehu Shagari ya yi karatu. A 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, ta sauka a unguwar Gaskiya, kusa da maɗaba'ar da ke buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a lokacin. Zuwa lokacin ta zama cikakkiyar sakandare mai ɗakunan gwajin kimiyya, ƙofarta kuma ta buɗe wa yara daga lardunan da ba na sarakunan Musulmi ba. Ta haka Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin Kirista daga Wusasa, ya shiga, Murtala Muhammad na Kano ya biyo bayansa. A wannan zamani ne samarinta suka fara tururuwa zuwa aikin soja, bin sawun irin su Zakariya Maimalari, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966 tare da Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Sunan Barewa kuwa sai a 1971 ta same shi, bayan ta daɗe ana kiranta Kwalejin Gwamnati ta Zariya. A wannan shekarar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kammala karatunsa a can, shi ne ya cika biyar cikin tsofaffin ɗalibanta da suka shugabanci Nijeriya. Gidajen kwanan ɗalibai suna ɗauke da sunayen mutanen da suka yi mata hidima, Turawa da 'yan ƙasa: Clifford, Ɗan Hausa, Bienemann, Mort, Nagwamatse, Bello Kagara.

Da aka raba Arewa jihohi a 1967, kowace jiha ta shiga gina nata makarantu, Barewa ta zama ɗaya cikin ɗaruruwa, yau tana hannun gwamnatin Jihar Kaduna. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, tana ɗaukar nauyin gyare-gyare, ita ce kuma ta jagoranci bikin cikarta shekara 100 a 2021. Gyaran azuzuwa da rufin gidajen kwana abu ne mai kyau. Ni dai da za a ji ta tawa, da jihohin Arewa sun haɗa kai sun ware wa kowace jiha gurabe a makarantar, su biya kuɗin yaransu, yadda ɗan Borno zai sake zama aji ɗaya da ɗan Kwara da ɗan Binuwai.