Ringgit Ɗaya a Kampung Baru: Wa Ke Biyan Ragowar?

Kampung Baru unguwar Malayawa ce a tsakiyar Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, wadda Turawan Ingila suka keɓe wa manoma 'yan ƙasa a 1900. Har yau gidajenta na katako suna nan, tagwayen benayen Petronas na leƙensu. Mazaunin da ya kwana da zazzaɓi yana da hanya biyu, duka a kusa: ko ya nufi Babban Asibitin Kuala Lumpur da ke Jalan Pahang, na gwamnati, wanda tarihinsa ya faro daga 1870, ko ya shiga asibitin kuɗi irin Al-Islam da ke cikin unguwar. A na gwamnati, ɗan ƙasa ringgit 1 yake biya ya ga likita, ringgit 5 ya ga ƙwararre. Wata doka ta 1982 ce ta yanke wannan farashi, kuma yau ringgit ɗaya ko shinkafar karin kumallo ba ya saya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Magani da albashin ma'aikata da na'urori duk da mai biyansu, kuma a Malesiya baitulmali ne, daga haraji da ribar man fetur ta kamfanin Petronas. Ra'ayin wannan maƙala shi ne nan ya kamata nauyin ya zauna. Cuta ba ta sallama, ba ta kuma duba aljihu. Wanda ya fi yawan rashin lafiya sau da yawa shi ne mafi ƙarancin hali. In aka ce kowa ya biya nasa, an ɗora kuɗin ne daidai lokacin da mutum ya kwanta, samunsa ya tsaya. Inshorar kasuwa ma ba ta warware ba. A ƙarshen 2024 kamfanonin inshora a Malesiya sun aika wa abokan hulɗarsu da ƙarin da ya kai kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari, har sai da babban banki, Bank Negara, ya umarce su su rarraba ƙarin a kan aƙalla shekara uku. Tsofaffi, da suka fi buƙatar kariyar, su ƙarin ya fi ƙuntatawa.

Masu suka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Abin da gwamnatin Malesiya ke kashewa a lafiya ya daɗe yana kai-kawo tsakanin kashi 2 da 3 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa, alhali takardar manufofin lafiya da majalisa ta amince da ita a 2023 ta sa burin kashi 5. Wannan giɓi bai ɓace ba, wasu ne ke cike shi. Majinyaci yana cikewa da jira, watanni kafin a kai ga yi masa aiki. Likita matashi yana cikewa da zaman rashin tabbas: tun 2016 ake ɗaukar sababbin likitoci a kwantiragi, har ta kai su ga fita daga asibitoci a ranar 26 ga Yuli, 2021, ana tsakiyar annobar korona. Mai ɗan hali kuwa yakan gaji ya koma asibitin kuɗi, shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin lafiya a ƙasar daga aljihu yake fita. Sai dai abin da wannan ke nunawa shi ne an tsuke bakin asusun, bai nuna asusun kuskure ba ne.

Inda tsarin ya fi rauni, a ganina, shi ne wajen fayyace wane ne “mu”. Ɗakunan haya na Kampung Baru da maƙwabciyarta Chow Kit cike suke da baƙin ma'aikata, 'yan Indonesiya musamman, masu gini da girki da dako. A ƙarƙashin wata doka ta 2014, baƙo ringgit 40 yake biya a inda ɗan ƙasa ke biyan 1, ringgit 120 wajen ƙwararre, ga kuɗin ajiya kafin a ba shi gado. Ɗalibanmu Hausawa da ke karatu a Malesiya sun san wannan bambanci sarai. Hujjar gwamnati ita ce tallafi haƙƙin 'yan ƙasa ne. To amma akan biya harajin ringgit 1,850 duk shekara a kan kowane baƙon ma'aikaci a gini da masana'antu, kuɗin kuma baitulmalin nan yake shiga. Wanda guminsa ya shiga asusu, da wace hujja za a ce ba shi da rabo a ciki? Ga kuma dalili na maslaha: tarin fuka ba ya tambayar fasfo. Gwamnatin da kanta ta gane haka a 2020, lokacin da ta yafe wa baƙi kuɗin gwaji da jinyar korona a asibitocinta, domin baƙon da ke tsoron kuɗi ba zai zo a gwada shi ba.

Mu a gida matsalarmu ta sha bamban. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa, duk da alƙawarin Abuja na 2001 na ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, da dokar 2022 da ta wajabta inshora. Nijar ta shelanta jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, amma jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu ya bar da yawa cikin bashi. Inshora ta hanyar cirewa daga albashi, irin wadda hukumar KSCHMA ke gudanarwa a Kano tun bayan dokar 2016, tana kama ma'aikacin gwamnati cikin sauƙi. Ɗan tireda a kasuwar Kurmi da manomin Dambatta ba su da albashin da za a cira, kuma su ne mafi rinjaye. Malesiya, da take da nata ɗimbin masu sana'ar kai, ba ta jira ta yi musu rajista ɗaya bayan ɗaya ba. Ta biya daga haraji, ta buɗe ƙofa. Sai dai ita tana tara harajin da ya haura kashi 10 na tattalin arzikinta, Najeriya kuwa ta daɗe cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin tara shi a duniya, saboda haka muhawarar wa zai biya asibiti a Kano dole ta bi ta ofishin haraji.