Ranar da aka ce mini "geek"

Zuwa ga ƴan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Makon jiya a ɗakin kwamfuta na gyara wa wani ɗan ajinmu aikin da ya kwana biyu yana ba shi wuya. Yana ganin abin ya tashi sai ya dafa kafaɗata, ya ce wa mutane ni "geek" ne. Wallahi raina ya ɗan sosu. Wanda ya shekara uku ana ce masa "aboki" da irin muryar nan da kuka sani, duk sabon suna sai ya duba shi sau biyu. Da na koma ɗaki na bi diddigin kalmar.

Ashe asalinta zagi ne. A tsohon Turancin Ingila akwai "geck", wato wawan da ake yi wa wasa da hankali, har Shakespeare ya sa ta a wasansa na Twelfth Night. Har gobe "gek" a harshen mutanen Holan mahaukaci ne.

Amurka ce ta ƙara mata muni. A farkon ƙarni na 20 akwai ayarin masu wasan kallo da ke yawo gari-gari suna kafa tanti. A cikinsu "geek" shi ne mutumin da ake sakawa a keji, a miƙa masa kaza mai rai, ya gatse kanta da haƙori, jama'a su biya kuɗi su kalla. Galibi mashayi ne wanda giya ta gama da shi, ladansa kwalba da wurin kwana. Littafin Nightmare Alley na William Lindsay Gresham, wanda ya fito a 1946, a kan wannan rayuwar aka gina shi. An yi fim ɗinsa a 1947, aka sake wani a 2021.

Daga baya sunan ya shiga makarantu, ya manne wa yaron da ba ya ƙwallo, ba ya hira, sai littafi da na'ura. Kusan abin da ake ce wa efiko a nan. Sai ga irin waɗannan yaran sun kafa Microsoft a 1975, Apple a 1976, sun zama masu ɗaukar ma'aikata. A 1994 wani ya buɗe kamfanin gyaran kwamfuta a Minneapolis ya raɗa masa Geek Squad da kansa, Best Buy ya saye shi a 2002. A 2013 ƙamus ɗin Collins ya zaɓi "geek" kalmar shekara, ya gyara ma'anarta zuwa mai zurfin sani da ƙaunar wani fanni. A ganina ba wa'azi ne ya wanke kalmar ba, kuɗi ne. Da masu sunan suka yi arziki, masu zagin suka koma neman aiki a wurinsu.

Mu ma muna da irinta a gida. "Boko" a tsohuwar Hausa jabu ne, yaudara. Kakanninmu sun san amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a fitar a maimakon ta gaskiya. Masani Paul Newman ya nuna a 2013 cewa ba daga kalmar Turanci ta littafi ta fito ba. Raini ne ya sa aka liƙa wa karatun Bature sunan. Yau uba na alfahari ɗansa ya yi boko mai zurfi.

Wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce wadda ta yi baya. "Aboki" kalma ce mai daraja, "malam" ta fi ta, amma da suka tsallaka Neja suka koma sunan mai gadi, mai wankin takalmi, ko wanda ake ganin bai waye ba.

Washegari na ba ɗan ajin nawa labarin kazar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya rantse yabo ya nufa, kuma na yarda. Sai na tambaye shi ko ya san ma'anar "aboki". Ya yi jim, ya ce shi duk zatonsa sunan ƙabilarmu ne.