Sarewar da ta tsallaka teku

Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta lalata dankalin Turawa a tsibirin Ayilan. Yunwa da cututtuka suka kashe mutum kusan miliyan guda, wasu kimanin haka suka tsallaka teku. Yankunan yamma, inda harshen Gelik ya fi ƙarfi, su suka fi shan wuya. Ƙaura ba ta tsaya da wucewar yunwar ba, har ya zama al'ada a yi wa mai tafiya Amurka zaman dare, ana kiɗa ana kuka tamkar makoki, domin ba a sa ran sake ganinsa.

Sarewar katako da Ayilan ke alfahari da ita yau baƙuwa ce. A 1847 wani Bajamushe, Theobald Boehm, ya fito da sabuwar sarewa ta ƙarfe. Sannu a hankali makaɗan manyan biranen Turai suka yi watsi da tsofaffin, suka yi araha, suka faɗa hannun talakan ƙauye.

Cikin waɗanda suka tashi da busa akwai Francis O'Neill, haifaffen gundumar Cork a 1848. Ya bar gida yana matashi, ya yi aikin jirgin ruwa, ya ƙare ɗan sanda a Shikago, inda ya shugabanci rundunar daga 1901 zuwa 1905. Ya lura cewa kiɗan da yunwa ta tarwatsa a gida yana nan a bakin 'yan ci-rani, kowa da na ƙauyensu. Sai ya riƙa bin su, wasu ma ya sama musu aikin ɗan sanda. Shi bai ƙware a rubutun kiɗa ba, don haka yakan busa, wani sajen mai suna James O'Neill yana rubutawa. Littafinsu na 1903 ya ƙunshi kiɗa 1,850.

Sai dai takarda ba ta riƙe numfashi, kuma a sarewa inda mai busa ke yanke numfashi shi ke nuna garinsu. Wannan giɓin faifan garmaho ya cike. John McKenna, mutumin Leitrim da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya naɗi fayafai a shekarun 1920 da 1930. Dangi suka riƙa aika su gida, samarin ƙauye suka zauna gaban garmaho suna koyon busar yankinsu daga mutumin da ya bar shi.