Rodin Zaren Gilashi da Batun Gadar Abhur

An daɗe ana maganar gina gada a kan mashigin ruwan Abhur, arewa da Jidda, domin haɗa ɓarin kudu da na arewa, inda ake gina Hasumiyar Jidda. Duk injiniyan da aka ɗora wa aikin, gishiri ne zai fara hana shi barci. Kowace lita ta ruwan Bahar Maliya na ɗauke da kusan giram 40 na gishiri, alhali matsakaicin tekunan duniya 35 ne. Gishirin kan ratsa kankare ya kai ga rodi, tsatsa ta kumbura, ta fasa daben gada daga ciki.

Shi ya sa hankali ke komawa ga rodin zaren gilashi da aka daskarar cikin roba. Ba ya tsatsa, nauyinsa kuma kusan rubu'in na ƙarfe ne. Da shi kamfanin Aramco ya shimfiɗa magudanar ambaliya mai tsawon kilomita 21 a Jizan.

Sai dai magudana ba gada ba ce. Tirela ba ta taka magudana dare da rana. Tun ƙarni na 19 Bajamushe August Wöhler ya nuna cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe karo guda ba, in ya yi ta maimaituwa sai ya karya shi. Wannan gajiyar ita ce ainihin tambayar. Taurin rodin gilashi kusan rubu'in na ƙarfe ne, don haka daben ya fi lanƙwasa, tsagarsa ta fi buɗewa. Gaskiya ne, gwaje-gwajen Jami'ar Sherbrooke ta Kanada, inda aka yi ta danna dabe sau miliyoyi, sun ba da sakamako mai kyau. Amma damuwar Kanada sanyi ce. A Abhur zafi ne da laima, su ne kuwa ke sassauta roba, su buɗe wa ruwan siminti hanyar cin zaren. Hatta ƙa'idar Cibiyar Kankare ta Amurka ta 2022 ba ta yarda a ɗora wa rodin nauyin dindindin da ya wuce kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba.

A ganina, kada a zuba daben nan sai an gwada shi cikin zafi da ruwan gishiri da dannawa, duka lokaci guda. Tsangayar kimiyyar teku ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz tana nan a bakin Abhur. Ya kamata ita da injiniyoyin jami'ar su ɗauki wannan aiki.