Ƙungiyar Kiɗan Mamman Shata: Yadda Amonta Ya Yi Ta Sauyawa Cikin Rabin Ƙarni

An haifi Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina a Musawa a 1923. Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, aka kuma binne shi a Daura, garin ubangidansa, Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Ya shafe fiye da shekara 50 yana jan ragamar ƙungiyar kiɗa, kuma a tsawon wannan lokaci kalangu ne ginshiƙinta. Duk da haka, wanda ya saurari faifansa na farko-farko, sannan ya saurari kaset ɗinsa na shekarun 1990, zai ji bambanci a fili: a tsawon waƙa, da saurin kiɗa, da kaurin murya, da abin da ake waƙar a kai.

Tsarin ƙungiyar

Ƙungiyar Shata ta ƙunshi shi kansa a matsayin jagora, da makaɗan kalangu, da 'yan amshi, da maroƙa masu kirari da shelar kyauta. Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn ƙugu, wadda ake ratayawa a kafaɗa a matse a hammata. Idan makaɗi ya matse tsarkiyar da ta haɗa fatun biyu, sai amo ya tashi sama. Idan ya saki, sai ya sauko. Da haka kalangu ke kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe, har mai sauraro ya ji kamar magana yake yi. A al'ada, kiɗan mahauta ne da na dandalin samari da 'yan mata, amma Shata ya kai shi gaban sarakuna da attajirai da shugabannin ƙasa.

Aikin 'yan amshinsa ya bambanta da na makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo. A wajen waɗannan, jagora kan fara ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wanda ke nuna cewa an tsara baitocin an kuma haddace su tun kafin a fito. A wajen Shata kuwa, amshi ɗaya ne ake ta maimaitawa daga farko har ƙarshe. Wannan ya sakar wa jagora mara: yana iya sako sunan wanda ya shigo fili yanzu, ko labarin tafiyar da ya dawo jiya, ba tare da kiɗa ya karye ba. Daga wannan tsari ne duk sauye-sauyen da suka biyo baya suka samo hanya.

Daga dandali zuwa faifai

Shata ya fara waƙa a dandalin Musawa yana saurayi mai tallar goro, ba da son mahaifinsa ba, domin gidansu ba na roƙo ba ne. Daga nan ya zauna a Bakori, sannan Funtuwa, ya kuma yi zama a Kano. Waƙoƙin wannan zamani na wasa ne da zambo da habaici, kiɗansu na rawa, mai sauri.

Zuwan faifan garmaho ya tilasta wa mawaƙa taƙaitawa, domin kowane gefe nasa ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a gidan biki dole ya zaɓi 'yan ɗiyoyi ya ƙulle. Babban faifai da ya biyo baya, irin wanda kamfanin EMI ya buga wa Shata a shekarun 1970, yana ɗaukar kusan minti 20 a kowane gefe. Nan ne aka fara jin waƙarsa da tsawon da ya kusanci wanda ake ji a fili.

Rediyo da kaset

Gidan rediyon Kaduna, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ya kai muryar Shata ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, har cikin Nijar da Kamaru da zangon Hausawa na Gana. Masu sauraro sun faɗaɗa, jigogin waƙa ma suka faɗaɗa. Bayan yabon iyayen gida, ya yi waƙar ƙarfafa wa sojoji gwiwa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi ta noma da ta gargaɗi, har ya yi wa kumbon Apollo 11 na Amurka, wanda ya sauka a duniyar wata a 1969.

Kaset kuma ya sauya abin gaba ɗaya. Duk mai rikoda na iya ɗaukar wasa a gidan biki ko a kulob, da hayaniyar jama'a da muryar maroƙi a ciki, masu shaguna su kwafa su sayar a kasuwa da tasha. A kaset-kaset na ƙarshen rayuwarsa muryar ta yi kauri, tafiyar waƙar ta natsu, yana jan magana kamar mai ba da labari.

Waƙa ɗaya, zubi da yawa

A Turai, ana auna sauyin salon ƙungiyar kiɗa ne daga wannan kundin waƙoƙi zuwa na gaba. Misali, ƙungiyar The Ex ta ƙasar Holan, wadda aka kafa a Amsterdam a 1979, ta fara da kiɗan jita mai tsauri, amma a 2006 ta fitar da kundi tare da Getatchew Mekuria, mabushin sakso na Habasha. Kowane kundi yana ɗauke da shekararsa, don haka bin sawun sauyin ba ya wuya.

Na Shata ba a jere yake haka ba. Sabon salonsa yakan fito ne a cikin tsohuwar waƙa. Bakandamiya, waƙar da yake yi wa kansa kirari a ciki, an ɗauke ta sau da dama, kuma kowane ɗauka da nasa baitoci da garuruwa da mutanen da aka ambata. Mai son sanin yadda ƙungiyar ta sauya sai ya jera waɗannan zubi ya kwatanta.

Shata da Daura

Alhaji Muhammadu Bashar ya riƙe sarautar Wamban Daura, ya kuma yi minista a Gwamnatin Jihar Arewa kafin ya hau gadon sarautar Daura a 1966. Ya yi mulki har rasuwarsa a 2007. Yana cikin manyan iyayen gidan Shata, kuma waƙar da mawaƙin ya yi masa tana sahun fitattun waƙoƙinsa. A cikinta ake ganin nisan tafiyar da kalangu ya yi: gangar da aka sani a mahauta da dandali ta ɗauki nauyin yabon sarkin masarautar da tarihin Hausa Bakwai ya ɗauka a matsayin tushe, aikin da bisa al'ada na tambari ne da algaita da kakaki da makaɗan fada.

Abin da ya rage

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dokta a 1988, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, sannan Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Shata Ikon Allah a 2006.

A shekarun ƙarshe na rayuwarsa fiyano ya fara mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano tare da bunƙasar finafinan Hausa, amma shi da kalangunsa ya gama. A yau waƙoƙinsa na yawo a wayoyin hannu da YouTube, galibi babu shekarar ɗauka, babu wurin da aka yi wasan, babu sunayen makaɗan da suka riƙe masa kiɗa. Zaren kaset yana lalacewa idan ya daɗe, dattawan da suka halarci waɗannan wasanni kuma suna ƙarewa. Su ne za su iya faɗin wane zubi aka ɗauka a Funtuwa, wane a Kano, wane kuma a ƙofar fadar Daura, kuma tattara wannan bayani aiki ne da ke jiran gidajen rediyo da sassan nazarin Hausa na jami'o'i.